Yadda Ake Miƙar da Ƙotar Bindiga ta Katako Idan ta Bauɗe

Ba kasafai ake fara gane bauɗewar ƙotar bindiga da ido ba. A wurin harbi take tona kanta. Bindigar da ka san halinta shekara da shekaru, wadda take tara maka harsashi uku a wuri ɗaya, sai ka wayi gari tana jefa su gefe. Ka gyara saiti ta dawo hanya, bayan wata biyu da iska ta sauya ta sake kaucewa. Mutum ya yi ta zargin madubin saiti, ya koma kan harsashi, har ya fara shakkar hannunsa, alhali katakon da ke ƙarƙashin bututun ne ya motsa yana tokare ƙarfe.

Motsin ma ba sai ya yi yawa ba. A ce tsawon bututun santimita 60 ne, katako ya ture bakinsa da rabin milimita kacal. A nisan mita 100 wannan rabin milimitar ya zama kaucewar santimita 8 da ɗoriya. Ga maharbi, wannan ya isa ya raunata dabba ta gudu da ciwo maimakon ta faɗi nan take, kuma babu mai mutunta farauta da zai so haka.

Gyaran hawa-hawa ne, daga mai sauƙi zuwa mai haɗari, kuma ina roƙon mai karatu ya bi su a jere. Ƙotoci da yawa sun lalace ne a hannun wanda ya tsallake matakin farko ya tafi kai tsaye ga wuta da mamatsi.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya

Juya bakin bindigar inda ba kowa. Cire gidan harsashi, ja sakata, ka leƙa mazaunin harsashi da idonka, sannan ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Kwashe harsasai gaba ɗaya ka fitar da su daga ɗakin da za ka yi aiki, domin akwai zafi da mai a cikin wannan aikin. Bindigar kuma ta kasance wadda dokar inda kake ta yarda ka riƙe, ka kuma gyara.

Nemi sukundireba wanda bakinsa ya cika tsagin sukurun daidai. Wanda bai cika ba zai zame ya ci kan sukurun, ya kuma karce katako. Duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa tukuna, musamman ƙananan ƙarafan da ke kewayen kunama.

Abin da ke sa katako ya bauɗe

Katako ba ya daina shan laima daga iska, ba ya kuma daina sakinta, ko da ya shekara ɗari da sarewa. A ɗakin da laimar iskarsa take wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, katako yakan tsaya da ruwa kamar kashi 8 na nauyinsa. A kai shi inda laimar ta kai kashi 80, sannu a hankali zai sha har ya kai wajen kashi 16. Yana sha yana kumbura, yana saki yana tsukewa.

Da a ce ko'ina yake kumbura daidai da daidai, da babu matsala. To ba haka yake ba. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi, bai fi kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari ba. Ta faɗi kuwa yana motsi sosai, kuma motsin da yake yi ta kewayen zoben shekarun itacen ya fi wanda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Itacen baƙin walnat na Amurka, daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, yana tsukewa da kashi 5.5 daga tsakiya zuwa ɓawo, kashi 7.8 ta kewayen zoben. Itacen bic, wanda aka yi ƙotocin bindigogin soja masu yawa da shi a Turai, nasa ya kusa kashi 12 ta kewayen zoben. Wannan na cikin dalilan da suka sa maƙera suka fi son walnat: ya fi zama lafiya.

Yanzu dubi yadda ake gama ƙota a masana'anta. Bayanta an shafe shi da mai ko banish yana ƙyalli. Cikinta kuwa, wato kwarmin da bututu ke kwanciya da ramin da jikin bindiga ke zama, sau da yawa tsirara ake barinsa ko a yi masa shafa ɗaya ta jeka-na-yi-ka. Ruwan sama ya gangara ta gefen bututu ya kwanta a kwarmin, ciki ya jiƙe ya kumbura, waje yana bushe. Dole katako ya lanƙwasa. In aka haɗa da jijiyar itacen da tun asali ba ta tafi a miƙe ba, ko katakon da aka sassaƙa bai gama bushewa ba, sai abin ya ƙara muni.

Gano inda ta bauɗe, da ko ma ta bauɗe ɗin

Ƙota kashi uku ce: gaba, wanda ke tallafe da bututu, wuya, inda hannun kunama ke kamawa, da gindi, wanda ke zama a kafaɗa. Gaba ne ya fi yawan bauɗewa domin shi ne siriri kuma an rarake cikinsa.

Tun bindigar tana haɗe, yanko 'yar takarda mai ɗan kauri, ka naɗe ta a ƙarƙashin bututu, ka ja ta daga baki zuwa baya. Inda ta cije, yi alama da fensir a gefen katako. Dubi ratar da ke tsakanin bututu da katako hagu da dama: in gefe ɗaya ya manne, ɗayan ya buɗe baki, ka ga inda ta nufa. Bayan ka kwance, duba cikin kwarmin da kyau. Inda ƙarfe ke gugar katako za ka ga wurin ya yi sulɓi, ya yi duhu, wani lokaci har baƙin bututun ya koɗe a daidai nan.

Sai ka ɗaure zare daga tsakiyar ramin sukurun baya, ya bi ta kan ramin sukurun gaba, ya wuce har ƙarshen ƙota. Waɗannan ramuka biyu, na sukurorin da ke ɗaure jikin bindiga da ƙota, su ne ke ba ka layin tsakiya na gaskiya. Auna da rula nawa ƙarshen ya kauce daga zaren, ka rubuta adadin da ranar. Kada ka dogara da tunawa, domin nan gaba da wannan adadin za ka san ko aikinka yana ci.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da lahani alhali da gangan aka yi su. Na farko, gindin bindigar harbin tsuntsu sau da yawa ana karkatar da shi kaɗan zuwa dama, kamar milimita 3 zuwa 6, domin idon mai harbi da dama ya faɗa kan layin bututu ba tare da ya kwantar da kai ba. Ga bahago kuma zuwa hagu. Maƙeran Ingila sun daɗe da shahara a wannan aikin, har mutum ake aunawa kamar za a ɗinka masa riga. Wanda ya miƙar da irin wannan gindin ya ɓata abin da aka biya kuɗi aka yi. Na biyu, wasu bindigogin an ƙera su ne ƙarshen ƙota ya riƙa ɗan tokare bututu daga ƙasa. Lee-Enfield lamba 4 haka take, kuma ƙotocin katako na Remington 700 da yawa suna da ɗan tudu a ƙarshen kwarmi saboda wannan. Tokara daga ƙasa, a tsakiya daidai, tana iya zama tsarin maƙeri. Tokara daga gefe ɗaya kuwa bauɗewa ce.

Mataki na farko: ba ta lokaci

In ƙotar ta sha ruwa kwanan nan, ko an kawo ta daga wuri mai laima, kada ka yi mata komai tukuna. Rataye ta a tsaye ta ramin gindi, a cikin ɗaki mai iska, nesa da rana, nesa da murhu da duk wani abin ɗumama ɗaki. Kada ka jingina ta da bango, kada ka kwantar da ita a kan siminti. Duk mako ka sake aunawa da zarenka. In kana da sikeli mai auna giram, ɗora ta kai: ranar da nauyinta ya daina raguwa mako biyu a jere, ta daidaita da iskar ɗakin. Wannan yakan ɗauki mako uku zuwa shida.

Na sha ganin ƙotar da ta kauce da milimita 3 ta dawo saura ɗaya ba wanda ya taɓa ta. In aka sassaƙe ta tun tana jiƙe, da ta bushe sai ta koma ɗaya gefen, a rasa katakon da aka riga aka cire.

Mataki na biyu: buɗe mata hanya

Idan abin da ya rage bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma bindigar ta aiki ce, ba tsohuwar ajiya mai daraja ba, hanya mafi aminci ita ce a rage katakon da ke taɓa bututu. Ba ka miƙar da ƙotar ba, amma ka raba ta da ƙarfe, kuma abin da harbi ke buƙata ke nan.

Kunna kyandir ka bi ƙasan bututun da hayaƙinsa har ya yi baƙi. Mayar da ƙarfen cikin ƙota a hankali, ka ɗaure sukurori kamar yadda suke, ka sake kwancewa. Duk inda baƙin ya shafa a katako, nan ne ake gogayya. Sami sanda mai zagaye wadda kaurinta ya ɗan gaza na bututun, naɗa mata samfefa mai lamba 80 ko 100, ka riƙa gugar wurin baƙin kaɗai, kana bin tsawon kwarmin. Liƙa salatif a leɓen kwarmin daga sama don kada samfefa ta cinye kaifinsa. Guga kaɗan, sake hayaƙi, sake haɗawa. Aikin maimaici ne, yana iya kai ka sau goma. Ka tsaya lokacin da takarda mai kauri ninki biyu take wucewa salin-alin daga baki har zuwa kusa da inda bututu ya fara kauri. Santimita 3 zuwa 5 na farko, daf da jikin bindiga, a bar su suna zaune a kan katako. Ƙarasa da samfefa mai lamba 220.

Aibin wannan hanya ɗaya ne: rata za ta fi faɗi a gefe ɗaya, mai lura zai gani. In abin ya dame ka, ko kaucewar ta fi haka, sai a tafi ga zafi.

Mataki na uku: zafi da tururi a gaban ƙota

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da zafi da tururi suke yi shi ne su mayar wa busasshen katako da wannan ɗanyantakar na ɗan lokaci. Zaruruwan itace a manne suke da wani sinadari mai kama da gam, ana ce masa lignin. In ya yi zafi kusa da tafasar ruwa, musamman da laima a jikinsa, sai ya saki, zaruruwan su iya zamewa a kan juna. In ya huce sai ya sake kamawa a sabon matsayin. Sharaɗin shi ne zafin ya ratsa har tsakiyar katakon. Zafin da ya tsaya a fata ba ya tanƙwara komai, tsagawa yake yi.

Akwai ƙotocin da ba a kai su ga wannan mataki. Wadda aka yi da siraran katako da aka manna bisa juna, zafi zai iya sakin gam ɗinta. Wadda aka taɓa ɗinke tsagarta da gam, ko aka manna mata wani katako daban a ƙarshe, ita ma haka. Wadda take da tsaga ko da siririya ce kamar gashi, a gyara tsagar tukuna ko a haƙura. Ka kuma sani tun yanzu cewa tururi zai ɓata banish, sai ka sake gama bayan ƙotar.

Fara da shirya abin ɗaurewa, tun kafin ka ɗora ruwa a wuta, domin da zarar katako ya fito daga tururi minti ɗaya zuwa biyu kawai gare ka. Kana buƙatar dogon ƙarfe mai kusurwa ko katako mai kauri wanda ka tabbatar a miƙe yake kuma ba ya lanƙwasa, da mamatsai uku ko huɗu, da ƙananan katakai masu laushi da aka liƙa wa fata ko tsumma don kada mamatsi ya bar sawu, da weji biyu, wato guntayen katako masu sirin baki da ake cusawa a rata. Abu mafi muhimmanci da mutane ke mantawa: sanda mai zagaye daidai kaurin bututun, a kwantar da ita cikin kwarmin a wuraren da mamatsi zai kama. Bangon kwarmin siriri ne, in ba abin da ya cika cikinsa, matsi zai murƙushe shi. A yanka sandar gajeru-gajeru, domin doguwa guda ɗaya za ta hana ƙotar wuce tsakiya lokacin da kake buƙatar hakan.

Dubi irin bauɗewar. In ƙarshen ne kawai ya kauce, ɗaure sashen da jikin bindiga ke zama a jikin dogon ƙarfen, da ɗan katako a tsakani don a sami rata, sannan mamatsi ɗaya ya jawo ƙarshen. In kuwa ta yi baka ne, wato doro a tsakiya, sai cikin bakan ya fuskanci ƙarfen, a sa ɗan katako a ƙarƙashin kowane ƙarshe, mamatsi ya danna doron. Gwada duk wannan a bushe sau biyu, ba tare da ka matsa da ƙarfi ba, har hannunka ya san inda kowane abu yake.

Tururin kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Tukunya mai murfi da aka huda, da tiyo mai jure zafi, da bututun ƙarfe ko dogon akwatin katako da gaban ƙotar zai shiga. A toshe bakin da tsumma, a bar ƙaramar kafa a ƙasa don ruwa ya ɗiga, tururi ya sami mafita. Kada a rufe shi ruf, tururin da aka kulle fashewa yake yi. Sashen da ba ka so ya yi zafi ka naɗe shi da takardar alminiyam ya tsaya a waje. Ƙa'idar masu tanƙwara katako ita ce awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri, wato santimita 2.5. Gaban ƙota da yake rarakakke ne, minti 30 zuwa 45 yakan isa, ana lissafi daga lokacin da tururi ya fara fita da ƙarfi.

Sa safar hannu mai kauri, fito da ita, ɗora a kan ƙarfen, ka fara murɗa mamatsi. Murɗawa ɗaya, ka ɗan dakata, wata murɗawar. Hannunka zai gaya maka gaskiya: katakon da ya nuna yana bin mamatsi cikin laushi, wanda bai nuna ba yana turjewa kamar sifirin. In ya turje, mayar da shi cikin tururi. Kada ka yi masa dole.

Katako yakan ɗan koma baya bayan an sake shi, saboda haka ana wuce tsakiya kaɗan. Ni nakan wuce da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na asalin kaucewar: in milimita 4 ce, na kai ta tsakiya sannan na ƙara ɗaya. Gara ka gaza ka sake zagaye na biyu da ka zarce.

Daga nan sai haƙuri. Hucewa awa kaɗan ce, amma ruwan da tururi ya sa mata sai ya fita tana ɗaure. Bar ta a mamatsi mako biyu a ɗaki mai iska. Da ka kwance, auna, rataye ta mako guda, ka sake aunawa. Adadi na biyun shi ne na gaskiya.

Idan a wuya matsalar take

Nan ne na fi jin tsoro, kuma ina da dalili. Wuya shi ne wuri mafi rauni a ƙota: siriri ne, an huda shi, an rarake shi don ƙarafan kunama, kuma duk dukan da bindiga ke yi in ta tashi ta nan yake bi. Shekarun baya na karɓi wata tsohuwar ƙotar walnat da gindinta ya karkace. Na ba ta zafi kamar minti 15, fatar ta yi zafin da ba a iya taɓawa, na ɗauka ta nuna. A murɗawa ta uku na ji ƙas, ƙara ƙarama kamar an taka busasshen kara. Da na kwance tsumman da na naɗe wuyan da shi sai ga tsaga ta bi jijiyar itacen daga bayan kunama ta haura sama, tsawon ɗan yatsa. Da na duba da kyau tun farko, da na ga jijiyar ba ta bi tsawon wuyan ba, ta ratsa shi ne a karkace. Bindigar ta mahaifin mai ita ce. Na ɗinke tsagar, ta kuma riƙe, amma har yau ina tuna yadda ya shafa wurin da babban yatsa bai ce komai ba.

Saboda haka kafin komai, kai wuyan gaban haske ka bi layukan jijiya da ido, sama da gefe. In sun tafi tare da tsawon wuyan, ana iya aiki. In sun fita ta gefe a karkace, ko akwai gaɓa, ko irin zanen nan mai murɗe-murɗe mai kyan gani, kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ko ka bar ta yadda take. Duba kuma ko katakon ya yi baƙi ya yi laushi a inda ya haɗu da ƙarfe. Man bindiga ne ya tsiyaye ya jiƙa shi shekara da shekaru, kuma irin wannan katakon ba shi da ƙarfi. Ana jawo man da garin alli da aka dama da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, a shafa, ya bushe, a goge, a maimaita har allin ya daina yin rawaya. Asiton yana kama wuta da sauri, a yi wannan a waje, a kuma bar kwanaki kafin a kawo zafi kusa. Bindigar da doguwar kusa ta ratsa gindinta daga baya zuwa jikin ƙarfe ita ma ba ta tanƙwaruwa sosai, ƙarfen cikin zai hana.

A wuya ba a cika amfani da tururi ba, mai ake amfani da shi, domin yana kai zafi ciki ba tare da ya jiƙa katako ba. Ana barin jikin bindigar a ɗaure da ƙotar don ya tallafi sassan da aka rarake, a kama ƙarfen a babban mamatsin teburi mai laushin baki. Naɗe wuyan da tsumman auduga ninki uku ko huɗu, ka jiƙa shi sharkaf da ɗanyen man linsid, irin man da ake shafa wa katako. Rufe sauran ƙotar da takardar alminiyam. Kafa fitilun zafi biyu masu wat 250, ɗaya kowane gefe, kamar taƙi ɗaya daga katakon. Soka ma'aunin zafi a ƙarƙashin tsumman, ka riƙe shi tsakanin digiri 100 da 120 a ma'aunin Salsiyas, kana matso da fitilun ko kana janye su. Riƙa ɗiga mai kada tsumman ya bushe, in ya bushe zai babbake. Kada ka yi amfani da harshen wuta, kada ka bar wurin ko na minti ɗaya, abin kashe gobara kuma ya kasance kusa da hannunka.

Bayan minti 30 zuwa 45, kama ƙarshen gindin da yatsu biyu ka ɗan tura. In ya nuna za ka ji yana tafiya, kuma ba ya dawowa da sauri. To sai ka kafa rula a bayan gindin, ka riƙa tura shi da mamatsi ko weji milimita ɗaya-ɗaya, fitilu suna kunne, kunnenka a buɗe. Ka wuce inda kake so kaɗan, ka kashe fitilu, ka bar shi a ɗaure kwana ɗaya cur, biyu ma ya fi.

Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara. Yayin da man ke bushewa yana haifar da zafi, kuma dunƙulallen tsumma yana iya kama wuta da kansa cikin dare. Shanya shi a buɗe a waje har ya ƙandare, ko ka nutsar da shi a gwangwanin ruwa mai murfi.

Wadda ta ƙi zama

Wata ƙotar ko ka miƙar da ita sau uku sai ta koma, domin bauɗewar a cikin halittar itacen take. Irin wannan ƙashin baya ake sa mata. A tsakiyar ƙasan kwarmin ana fafe siririn rami da cizal, faɗinsa milimita 8 zuwa 10, daga kusa da jikin bindiga zuwa kusa da ƙarshe, a bar aƙalla milimita 5 na katako a ƙasa, a kuma kula da sukurun maratayi kada a ci karo da shi. Fafewar kanta tana rage wa katakon ƙarfin gardama. Sai a kwantar da sandar ƙarfe, ko ta alminiyam, ko ta zaren kabon in ana gudun nauyi. In sandar mai faɗi ce, a lura da kwanciyarta: ƙotar da ke kaucewa hagu ko dama tana son sandar a kwance, wadda ke ɗagawa sama tana son ta a tsaye a kan kaifinta.

Karce sandar da samfefa, goge ta da asiton tare da ramin, ɗaure ƙotar a miƙe a jikin dogon ƙarfenka, wannan karon a tsakiya daidai ba wucewa, sannan ka zuba gam ɗin ifoksi mai jinkirin kamawa, irin na awa 24. Mai kamawa cikin minti biyar ba ya ratsa katako sosai. Gam ɗin ya rufe sandar amma kada ya taso ya taɓa bututu. Kwana biyu a ɗaure kafin ka saki.

Toshe hanyar ruwa, sannan a haɗa

Duk wanda ka bi cikin matakan nan, in ka tsallake wannan, aikin zai warware. Kwarmin bututu, ramin jikin bindiga, cikin ramukan sukurori, da ƙarshen gindi a ƙarƙashin farantin kafaɗa, duk sai an shafe su. Ƙarshen gindin ya fi kowane wuri shan ruwa, domin nan ne bakin jijiyoyin itacen yake a buɗe. Man linsid yana da kyau a ido da hannu, amma ba ya tare laima sosai. A ciki, inda ba mai gani, yi amfani da banish mai jure ruwa: shafa ta farko a tsinke don ta nutse, sannan biyu ko uku cikakku, kowace ta bushe kafin ta gaba. Kada ya taru a inda ƙarfe ke zama.

Wajen haɗawa, ɗaura sukurori da hannu tukuna, ka tsayar da bindigar a kan gindinta don ƙarfen ya zauna baya, sannan ka ƙarasa na gaba kafin na baya, da ƙarfin da maƙerinta ya ƙayyade. Ɗaurewa fiye da kima tana murƙushe katako, tana kuma iya jawo wata karkatar. Sake jan takardarka a ƙarƙashin bututu. Bindigar tana babu harsashi, gwada sakata, gwada kunama, gwada makullin tsaro sau da yawa, musamman in wuya ka taɓa, domin ɗan motsin katako a nan yana iya danne wani ƙarfe a ciki. In wani abu ya cije ko ya yi sako-sako ba kamar da ba, kada ka sa harsashi sai mai gyara ya gani.

A filin harbi da aka amince da shi, ɗora gaban ƙotar a kan jakar yashi, ba bututun ba, ka harba uku, ka bar ƙarfe ya huce, ka ƙara uku. Duba wuyan bayan harbin farko da na ƙarshe. Ajiye takardar da ka harba ka rubuta rana a jikinta, bayan wata biyu ko uku, lokacin da iska ta sauya, ka sake harba wata a nisa ɗaya da irin harsashi ɗaya, ka haɗa su ka gani.

A wurin ajiya kuma, kada ta kwana cikin jakar da ta jiƙe. In ruwa ya dake ku a daji, kwance ƙarfen daga ƙota a daren, ka goge kwarmin, ka bar su su sha iska dabam-dabam kafin ka mayar. A cikin akwatin ajiya ka tsayar da ita baki ƙasa don mai ya gangara ta bututu maimakon ya koma wuya, ka sa ƙunshin sinadarin tsotse laima a gefe, kana sauya shi ko kana busar da shi duk lokacin da launinsa ya juya.